Amsa: Karatun lauya bayan an sha wahala

'Yar'uwa, kin tambaya ko wadda ta rasa iyayenta a rikici, karatunta ya tsaya na shekaru, za ta iya karatun lauya. Za ta iya, kuma jinkirin ba ya hana komai: Nelson Mandela ya fara karatun shari'a a Jami'ar Witwatersrand a 1943, bai samu digirinsa ba sai a 1989, ta hanyar karatu daga nesa, yana tsare a kurkuku.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin dokar laifuffuka, domin a nan za ki karanta shari'o'in kisa da fyaɗe dalla-dalla, kuma irin wannan bayani yakan tayar wa wanda ya ga tashin hankali da tsohon ciwo, har barci ya gagara. Saboda haka ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara tun kafin ki fara, ki karɓi jerin shari'o'in daga malaminki da wuri, ki karanta masu nauyin da rana tare da abokiyar karatu. Batun kuɗi kuwa, ki tambayi ofishin kula da ɗalibai game da tallafin marayu tun lokacin neman gurbi.