Wata da Lafiyar Jikinmu: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, barka da aiki. An ce wata ne ke jan ruwan teku. To mu da yawancin jikinmu ruwa ne, ba ya jan namu? Ƙanena na da farfaɗiya, kuma kamar ta fi tashi idan wata ya kai sha huɗu.

Malam, Allah Ya ba ƙanenka lafiya. Maganar teku gaskiya ce. Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000, kuma jansa ya fi ƙarfi a ɓangaren duniya da ke fuskantarsa, ya ragu a ɗaya ɓangaren. Wannan bambanci ne ke sa teku ta tumbatsa ta janye, sau biyu a rana a yawancin gaɓoɓi. A mashigin Fundy na Kanada ruwa kan tashi har mita 16. Sai dai faɗin duniya ya haura kilomita 12,000, mutum kuwa da ƙyar ya kai mita 2. Daga kanka zuwa tafin ƙafarka babu bambancin jan da zai motsa ko ɗigon jini. Haka kuma teku kan yi babbar tumbatsa a daren sha huɗu da lokacin da wata ya ɓuya, domin a lokutan biyu rana da wata da duniya na kan layi ɗaya, amma ba wanda ke zargin daren duhu.

Abin da ya fi damuna shi ne kada a zuba wa wata ido a manta da ainihin masu tayar da ciwon: tsallake magani, rashin barci, zazzaɓi da damuwa. Ku riƙa rubuta ranar da ta tashi da abin da ya faru kafin nan, ku kai wa likitansa. Idan ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Jijjiga ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Likita, al'adata ba ta bin wata, ko akwai matsala?

Malama, kwantar da hankalinki. Zagayen wata kwana 29 da rabi ne, na al'ada kuwa daga kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne, kuma sinadaran ƙwaƙwalwa da na ƙwan mace ke tafiyar da shi. Idan ta ɗauke wata 3 ba ciki, ko jini ya wuce kwana 7, ki ga likita.

Ina da juna biyu. Kallon husufin wata zai cutar da jaririna?

Ko kaɗan, 'yar'uwa. Inuwar duniya ce kawai ta faɗa kan wata, ba ruwanta da abin da ke cikinki, ba ta kuma taɓa ido. Husufin rana ne ke da haɗari: kallonsa kai tsaye na iya ƙona tantanin gani na can cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma baƙin tabarau ba ya karewa.

Ni ɗalibi ne. Waɗanda suka je wata sun kamu da wata cuta?

Ɗana, babu ƙwayar cutar da aka samu a can. Ƙura ce ta dame su. Masana sun fi rinjaya ga cewa wata ya samu ne kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, bayan wata duniya mai girman Mars ta yi karo da tamu. Tun daga nan duwatsun sama ke ta niƙe fuskarsa, ga shi ba iska ba ruwan da za su goge kaifin ɓarɓashin. A 1972, Harrison Schmitt na kumbon Apollo 17 ya shaƙi ƙurar da ta maƙale a kayansa, ya yi ta atishawa, idanunsa na hawaye. Ya warware ba da jimawa ba, amma masu shirin komawa can suna nazarin illar da za ta yi wa huhu idan zaman ya yi tsawo.