Kwata, shara da duhu a unguwar ɗalibai: wa za mu tunkara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wata unguwa da ke kusa da jami'a a Jihar Kebbi. Tun da ɗalibai suka fara kama haya a wurinmu gidaje suka yi yawa, amma babu magudanar ruwa, shara ta cika lunguna, da dare kuma duhu. Wasu na cewa jami'a ce za ta gyara tunda ɗalibanta ne, wasu na cewa ƙaramar hukuma. Wanne ne daidai? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ikon jami'a a bakin katangarta yake tsayawa. Tana iya taimakawa don zaman maƙwabtaka, amma abubuwan da ka lissafa aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata gina tituna da gyara su, da magudanan ruwa, da fitilun titi, da kwashe shara, da banɗakunan jama'a. Har raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba yana ciki, haka ma sa ido kan shaguna da gidajen abinci.

Sai dai tushen matsalarku ya girmi sharar. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero an kafa ta a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke yankin Kalgo kuma a 2013. Irin waɗannan makarantu a gefen gari ake ajiye su, tsakiyar gonaki, kuma ɗakunan kwanan da ke ciki ba kasafai suke isar ɗalibai ba. Da zarar haya ta yi tsada sai mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, ba a bar hanya mai faɗi ba, ba a duba inda ruwa yake bi da damina ba. Mai fuloti kuma ya cike filinsa kaf da ɗakuna. Je ka tsaya a bayan irin wannan gida da safe: ruwan wankan mutanen gidan duka ta bututu ɗaya yake fitowa ya kwanta a lungu, ledojin fiya wata sun toshe ɗan ramin da aka tona masa, sauro kuwa ya samu wurin ƙyanƙyasa. A cikin watan Agusta ko ɗan kabu-kabu ba ya yarda ya shiga. Shi ya sa nake ganin babban aikin da ƙaramar hukuma za ta yi muku, kuma mafi araha, shi ne ta tsare hanyoyi da mabiyar ruwa a filayen da ba a riga an gina ba. Bayan an yi gini, sai da rusau da diyya da rigima.

A nan akwai abin lura. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce filin da aka ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakarsa. To ku fara bincika matsayin unguwarku. In an ayyana ta birni, izinin gini da fitar da tsarin unguwa na hukumar raya birane ta jiha ne.

Kada ku raina maganar lambar gida da fitila. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka sace ɗalibai, galibinsu mata. Ƙaramar hukuma ba ta da 'yan sanda, amma tana iya haɗa kai da mai unguwa da masu gidaje a rubuta kowane gidan haya da adadin waɗanda ke ciki, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana a mashigar lunguna.

Za a ce muku babu kuɗi. Gaskiya ne rabon ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, da ya ce a biya su kai tsaye, aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Amma tura duba-gari da ware wurin zuba shara ba sa buƙatar miliyoyi.

Ku haɗu da masu gidajen haya da wakilan ɗalibai ku rubuta takarda ɗaya, ku zaɓi buƙata biyu ko uku kawai, ku ambaci lungun da ake magana a kai. Mai unguwa da hakimi su sa hannu. Ku miƙa ta hannun kansilanku kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, ku kuma aika wani kwafin ga ofishin kula da harkokin ɗalibai na jami'ar.