Tambayi Likita: Ba Kowace Rawar Hannu Ba Ce Cutar Parkinson

Likita, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Zariya, shekaruna 34. Hannuna na rawa idan ina rubutu a allo ko na ɗauki kofin shayi, amma in na ajiye shi a cinya shiru yake. Mahaifina ma haka yake. Ko Parkinson ce ta kama ni?

Malam, kwantar da hankalinka. Abin da ka kwatanta ya fi kama da karkarwar da muke kira ta gado, wadda ta fi Parkinson yawa nesa ba kusa ba. Bambancin yana cikin maganarka: hannunka na rawa ne lokacin da yake aiki. Mai Parkinson kuwa hannunsa ya fi rawa sa'ad da yake hutawa, yatsun na motsi kamar mai jan carbi, galibi a gefe ɗaya take farawa, ga nauyin jiki da sanɗarewar gaɓoɓi, tafiya ta zama 'yan gajerun taku, rubutu ya riƙa ƙanƙancewa. Naka rubutun, in na canka daidai, bai ƙanƙance ba, karkacewa kawai yake yi.

Karkarwar gado takan kama hannuwa biyu, ko da ɗaya ya fi ɗaya. Kusan rabin masu ita suna da wani a dangi mai irinta. Takan fara a ƙuruciya ko bayan shekara sittin, tana ƙaruwa a hankali cikin shekaru. Gajiya, yunwa, rashin barci da fargaba na tsananta ta. Sai kuma goro, wanda marasa lafiyata ba sa son in ambata. Sinadarin da ke cikinsa shi ne na kofi da shayi mai kauri. Ka rage su na mako biyu ka gani.

Likita, mahaifiyata ta kai 68. Kanta na kaɗawa kamar mai cewa "a'a", muryarta ma na rawa. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce tsufa. Wane hoto za mu yi mata?

Allah Ya ba Hajiya lafiya. Kai da murya na cikin wuraren da karkarwar gado ke taɓawa, Parkinson kuwa ba kasafai take kaɗa kai ba, ta fi son haɓa da leɓe. Kada ku yi gaggawar kashe kuɗi a hoton ƙwaƙwalwa, domin babu hoto ko gwajin jini da ke nuna karkarwar gado. Da tambaya da ido ake gane ta. Likita zai sa ta miƙe hannuwa, ta taɓa hancinta da yatsa, ta juye ruwa daga kofi zuwa kofi, ta zana layi mai naɗewa kamar gammo. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtukan motsi ta duniya ta fitar a 2018 ta ce sai rawar ta shafi hannuwa biyu, ta kai shekara 3, kuma babu wata alamar cutar jijiya tare da ita. Saboda haka idan kan ne kaɗai ke kaɗawa, musamman in wuyan na karkata gefe, dole a duba wata matsalar tsokar wuya. Gwajin jinin da nake nema shi ne na ƙwayar maƙoƙo da ke gaban wuya, don idan tana aiki fiye da kima takan kawo rawar hannu da rama da bugun zuciya. Ku tafi da duk magungunan da take sha.

Ina da asma. Tun da na yawaita shaƙa Ventolin hannuna ke rawa.

Maganin ne, kuma rawar takan lafa bayan 'yan sa'o'i. Abin da ya fi damuna shi ne yawan buƙatarsa, alama ce asmar ba ta kwanta ba. Ki koma asibiti a gyara miki tsarin magani.

Ni tela ne, zura zare a allura ya zama aiki saboda rawar hannu. Abokina ya ba ni propranolol, in sha?

Yana cikin magunguna biyu da muke farawa da su ga mai karkarwar gado, ɗayan primidone, kuma sukan rage rawar ba tare da sun kawar da ita ba. Sai dai propranolol na iya toshe numfashin mai asma, ya kuma rage bugun zuciya. Ka ajiye shi tukuna, ka zo a auna jininka, a saurari ƙirjinka, a kuma tabbatar da irin rawar da kake da ita.