Amsar Gwaggo kan gidan tsofaffi

Ɗiyata, saƙonki ya iso tun Laraba, sai da na saurare shi sau biyu. Na farko na yi dariya har ƙanenki ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na ce yayarka ce can Ingila ke son sanin abin da ya hana a gina gidan tsofaffi a Sakkwato irin wanda take aiki ciki, wai al'ada ce ta hana ko addini. Ja'irin ya ce, "To Gwaggo, sai ki fara ɗaure kayanki." A sauraro na biyu dariyar ta ɗauke, don na san ba banza kinka yi tambayar ba. Kin ji labarin jikin babanki, kin kuma san mu da ke kusa da shi duk mun fara jan ƙafa.

Kin ce can gadon ma da maɓalli yake tashi, ga ƙararrawa kusa da hannu, ga hukuma da gwamnati ta kafa tun 2009 tana zagayawa tana ba gidajen maki, kuma duk awa biyu sai kun juya mai kwanciya kun rubuta a takarda. Madalla. Juyin nan shi ya tuna mani Kaka.

Ke ba ki riske ta ba. Ɓarin jikinta na dama ya shanye shekarar fari, 1973, lokacin ina da shekara 14, a gidanmu na Ƙofar Taramniya. Mun haura mutum talatin cikin gidan nan. Inna ta ce ni zan koma kwana ɗakinta. Ba mu da agogo, kiran salla ne agogonmu: duk kira a juya ta, tsakanin kira da kira a ƙara juyawa. Rairayi ake zubawa ƙarƙashin tabarma saboda fitsari, da safe a kwashe a zuba sabo. A wanke ta da ruwan ɗumi, a murza mata man kaɗe a baya da diddige, a sa turaren wuta, sannan a ba ta kunun tsamiya da ƙaramin ludayi, kaɗan kaɗan don kada ta ƙware. Inna ta kan ce ɗakin mai jinya da hanci ake duba shi, ido yaudara gare shi.

To sai Babbar Salla ta faɗo cikin hunturu, farkon 1974. Ragunan shekarar duk ƙashi ne, amma gida ya kacame da aikin nama, kowa na can bayan gida. Ƙawayena sunka biyo mani, wai mu tafi ƙofar Sarkin Musulmi kallon dawaki, zamanin Sarki Abubakar na uku ke nan, Allah ya jiƙan shi. Na leƙa na ga Kaka ta rufe ido. Na ce bari in je in dawo kafin ta farka. Ɗiyata, da hantsi na fita, ban dawo ba sai da anka sallame la'asar. Kowa a gidan ya ɗauka ina ciki, ni kuma na ɗauka wani zai leƙa. Na iske garwashin kasko ya mutu, tana kwance yadda na bar ta, zane jiƙe, jiki sanyi ƙalau. Ba ta ce mani komi ba. Na gyara ta hannuna na rawa.

Kwana uku tsakani, Inna na yi mata wanka ta ga kwankwaso ya yi baƙi, fata ta fara salɓewa. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na riga na fara kuka. Sai Kaka ta buɗe baki da wannan maganar tata da ba ta fita sosai, ta ce, "Ni na aike ta." Ƙarya ce, kuma Inna ta san ƙarya ce, amma wa zai ƙaryata uwar miji? Gyambon nan wata biyu muna fama da shi, da ruwan bagaruwa da zuma, kafin ya rufe.

Da dare ya yi, muna mu biyu, ta ce tun da ita ta aike ni, sai in kawo saƙo. Dawaki nawa na gani? Wa ke gaba? Wane irin rawani? Masu algaita sun iya ko sun lalace? Na yi ta zuba tana gyara mani sunayen masu sarauta, har ta yi dariya ta gefen baki guda. Daren nan ta faɗi maganar da har gobe ina jin ta: "Wanda anka daina ba labari, an fara yi mashi zaman makoki yana raye." Shekara huɗu ta ƙara, kuma ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a gidan nan ba sai maza sun durƙusa bakin gadonta sun ji ta bakinta.

Babanmu kuwa in anka zo ayar nan ta 23 cikin Suratul Isra'i, wadda ta hana a ce wa iyaye ko "uf", ya kan ɗaga yatsa ya ce ku lura, cewa anka yi idan tsufa ya riske su a wurinka. A wurinka. Fatawa dai ta malamai ce, ni abin da na ji ke nan.

Amma ba zan ɓoye maki ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannayen sun watse. Yanzu kowa ya ja matarshi ya koma Mabera ko Arkilla, ya zagaye da katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Maigida na Abuja, yara na makaranta, an bar wa suruka guda aikin da mu goma ke yi. Watan jiya na je duba wata tsohuwar ƙawar Inna. An sa mata fanka da talabijin a ɗakin baya, ga maganin asibiti cike da leda, amma tun daga bakin ƙofa hancina ya faɗa mani komi. Jikokinta na falo kowa ya duƙufa kan waya. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki, wai in faɗa mata nawa ake sayar da gero. Je ki bakin Hubbare ki ga tsofaffin da ke zaune suna jiran sadaka. Cikinsu har da masu ɗiya a gari. Hukumar Zakka da Wakafi na taimakawa da abin da ya samu, sai dai kuɗi ba su juya mutum tsakar dare.

Naku ɗin ma na tuna lokacin korona, 2020, da anka rufe gidajen, tsofaffi na kallon ɗiyansu ta gilashin taga, dubbai sunka mutu babu nasu a kusa. Don haka ni zan tambaye ki. Tsohuwar nan da kinka ce tana kiran ki da sunan ɗiyarta, in kin gama rubuta takardar, kina zama ki ba ta labari? Ko ƙararrawar wani ɗaki ta riga ta kira ki?

Babanki dai muna juya shi, ni da matar yayanki, ƙanenki na kama mana da dare. Katifar iskan nan da kinka ce tana hana gyambo, ki bincika kuɗinta ki faɗa mani. Kuma ki kira shi ran Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin ya fi sakewa. Kada ki tsaya ga "ya jiki". Jiya sai da ya tambaye ni ko gaskiya ne can rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu, na ce ya bari ya ji daga bakinki.