Jerin Sarƙa a Kanel ɗin Linux: Me Ya Sa Ake Amfani da Makiro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin ilimin kwamfuta ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A aji mun koyi jerin sarƙa da harshen C, kowane gurbi da bayanansa da manunin na gaba. Amma da na buɗe lambobin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sai na tarar da list_head babu bayani ko ɗaya a cikinsa, ga list_for_each_entry ko'ina. Ba gara in rubuta nawa da hannuna ba?
Daga wani ɗalibi, Dundaye, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka rubuta naka. Ɗauko carbinka ka riƙe tukuna, da shi zan yi maka bayani.

Carbi zagaye yake, kuma akwai doguwar ƙwayar nan ta sama da ba a sa ta cikin ƙirga, aikinta kawai ta nuna maka inda ka fara da inda ka dawo. Haka jerin Linux yake. A fayil ɗin include/linux/types.h, list_head manuni biyu ne kacal, next da prev. Kan jerin shi ne doguwar ƙwayar, in jerin babu kowa sai ya nuna kansa gaba da baya. Shi ya sa list_add da list_del, masu ƙara gurbi da cire shi, ba su tsayawa tambayar ko wannan ne na farko ko na ƙarshe, alhali a nan ne masu rubutawa da hannu suka fi tuntuɓe.

Abin da ya ɗaure maka kai shi ne an juya tsarin. A aji gurbi ne ke ɗauke da bayanai. A kanel, kai ne za ka dasa list_head cikin ƙunshin bayananka, kamar zaren da ya ratsa ƙwaya. To in ka riƙo zaren, ta yaya za ka kamo ƙwayar? Aikin container_of ke nan. Yana amfani da offsetof ya san nisan list_head daga farkon ƙunshin, sai ya debe. In nisan bayit 16 ne, manuninka kuma yana 1016, ƙunshin ya fara a 1000. Ragi ne tsagwaronsa. Tunda C ba ta da hanyar rubuta aiki ɗaya da zai karɓi sunan kowane irin ƙunshi, makiro irin su container_of da list_for_each_entry ne ke cike giɓin: ka ba shi sunan, a shimfiɗa lambobin kafin a harhaɗa shirin. Ba Linux kaɗai ba, BSD na da sys/queue.h, Windows na da LIST_ENTRY da CONTAINING_RECORD.

Wuri biyu nake so ka kiyaye, don ni kaina na ƙone a ɗaya. Wani dare a Mabera, lokacin zafin bazara, ina gwada ƙaramin direba, wato shirin da ke sarrafa na'ura a kanel, na riƙa cire gurabe ina cikin zagayen list_for_each_entry. Allon ya cika da rubutu, na ga dead000000000100. Wannan lambar guba ce, wato adireshin bogi, da list_del ke zubawa a next da gangan, don wanda ya bi gurbin da aka cire ya faɗi nan take a gane shi. Maganin list_for_each_entry_safe ne, wanda ke adana na gaba kafin ka tsinke na hannunka.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. In zagaye ya ƙare ba ka samu abin da kake nema ba, manunin ba ya zama NULL, yana komawa ne kan doguwar ƙwayar ya ɗauke ta kamar ƙwaya ce ta gaske. Irin wannan kuskure na cikin dalilan da suka sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yarda a bar tsohon ma'aunin harshen C, C89, a koma C11 a sigar Linux 5.18, shekarar 2022, don a iya killace manunin cikin zagayen.

Kuma kalmar safe kada ta ruɗe ka: ba ta kulle komai. In aiki biyu na taɓa jeri ɗaya, sa makulli, spinlock ko mutex, da kanka. Yau da dare ka rubuta ɗan gajeren fayil, ka sa gcc, mai harhaɗa shirin C, da umarnin gcc -E ya nuna maka abin da makiron ya zama, ka bi shi layi-layi da biro da takarda.