Zauren Tambaya da Amsa: Injin da na saya a gwanjon intanet ya fi sabo tsada

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni kafinta ne nan Maradi unguwar Zariya, shekara shida na yi ƙarƙashin maigidana sai bara na buɗe tawa rumfa. Ina da yaya a Faransa, shi ya ba ni akawun ɗinsa na wani shafin gwanjo ya ce in na ga kayan aiki mai sauƙi in taya shi zai biya daga baya mu yi lissafi. To na ga injin yankan katako mai zagayayyen zarto, na hannu ne amma da kyansa, an fara tayi daga yuro 20, na ce a raina ba zan wuce 70 ba. Wallahi Malam duk sanda na ƙara sai nan take a ce wani ya wuce ni, in ƙara ya ƙara, har ƙarfe ɗayan dare ina zaune ƙofar gida da waya a hannu zuciyata na tafasa, ƙarshe ni na ci a yuro 145. Kai shi gidan yayana yuro 15, masu kargo zuwa Yamai yuro 40, ga duwan (kwastan) ga kuɗin mota zuwa Maradi wajen jika 12. Da ya iso yayana ya turo min hoton irinsa sabo dal a kwali a wani kanti can yuro 130 har da garanti. Tun ranar ko daɗin kunna shi ba na ji. Shin cutata aka yi ne, kuma wancan da muka yi ta ja da shi mutum ne kuwa? In daina gwanjon gaba ɗaya ko yaya? Daga wani ƙaninka kafinta, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sabuwar rumfa albarka. Bari mu fara da lissafi tunda shi ne ya hana ka barci. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike ƴan gutsattsarin, kuma ba ya motsi don an ɗaure sefa da yuro. Yuro 145 da 15 da 40 sun tashi 200 cif, wato jika 131 da ɗoriya, ka sa jika 12 na duwan da mota, ka ga injin ya shigo rumfarka a wajen jika 143 (ga ƴan uwanmu na Najeriya, jika ɗaya sefa dubu ce). Amma kar ka gwada 143 da 130 ɗin da ka gani a hoto, domin sabon ma sai ya biya kargo da duwan kafin ya ga Maradi. Hasarar gaskiya ita ce ka sayi tsoho da kuɗin da ya haura na sabo da yuro 15, kuma ka rasa garanti, alhali na hannu a ganina bai kamata ya wuce rabin kuɗin sabo ba, in ya yi kyau sosai kashi biyu cikin uku. To abin da ya tafi a banza wajen jika 40 zuwa 50 ne. Da ciwo, na sani, ga wanda ya buɗe rumfa bara jika 50 kuɗin katakon gado guda ne ko fiye, amma ba abin da zai sa ka ƙi kunna injinka ba ne.

Sai maganar wancan mutumin. Mai yiwuwa ne ƙwarai a lokacin da kake ƙofar gida kana huci shi yana barcinsa. A manyan shafukan gwanjo irin su eBay, wanda aka kafa tun 1995, mai saye yana iya rubuta iyakar abin da zai biya sau ɗaya ya tafi harkarsa, na'ura ce ke taya masa kaɗan kaɗan, duk wanda ya zo ya ƙara sai ta ɗora ƴar ƙaramar ɗoriya a kai nan take har sai an kai iyakar da ya rubuta. Shi ya sa ka ga amsa na zuwa kafin ka ɗaga yatsa. Mutumin ya rubuta wajen 140 tun da rana, kai kuma ka yi ta hawa tsani kana jin kamar wani ne ke maka gatse, har ka wuce shi da kaɗan aka sallama maka. Ka lura da wannan, da kai ma ka rubuta 70 ɗinka sau ɗaya ka kashe waya, da safe za ka tarar an wuce ka, ba ka yi asarar ko dala ba.

Abin da ya same ka ba baƙo ba ne a wurinmu, mun san shi tun kafin intanet. Je ka kasuwar dabbobi ana saura kwana biyu Layya ka tsaya ka kalli mutum ya kama ƙahon rago ya taya, dillali ya ce albarka, sai wani ya zo ya dafa bayan ragon ya ƙara ɗari biyar. Daga nan fuskar na farkon take canjawa, ragon da ɗazu yake cewa ƙafarsa ta baya da ɗan rauni yanzu ya zama nasa a zuciya, ba zai bari a ɗauke masa a gaban mutane ba. Daga wannan lokacin ba rago yake saye ba, kunyar janyewa yake biya. A kasuwa aƙalla akwai abokin tafiya da zai ja maka riga ya ce mu zagaya tukuna, a waya ƙarfe ɗayan dare ba mai ja maka riga, ga agogo yana ƙirga saura minti uku saura minti biyu da jan rubutu.

Turawa ma sun yi bincike a kai. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Lee da Malmendier, sun fitar da bincike a 2011 kan wani kayan wasa da ake sayarwa a eBay ta hanya biyu lokaci guda, akwai na gwanjo akwai mai tsayayyen farashi da za ka biya ka ɗauka. Suka tarar a kashi 42 cikin 100 na gwanjon, wanda ya ci ya biya fiye da tsayayyen farashin da ke nan a shafin yana kallonsa. Ba don mutane ba su da hankali ba, idonsu ne ya kafe a kan tayi ba su waiwaya sun duba nawa ake sayar da shi a gefe ba. Kuma ba sai kowa ya ruɗe ba, mutum biyu kacal in suka zafafa sun isa su kai kaya sama.

Ni abin da ya fi damuna da gwanjon waje ma ba farashin ba ne, kayan da ba su dace da wurinmu ba. Ƙarfin wutarmu volt 220 ne, ta Faransa 230, to kai ka tsira tunda daga can injinka ya fito. Amma na Amurka 120 ne, na Japan 100, kuma a Ingila akwai injinan wurin gini masu 110 da filogi ruwan ɗorawa mai zagaye, sun cika shafukan gwanjo kuma su ne suka fi arha, dalilin arhar kenan. Na taɓa ganin wannan da idona a rumfar wani abokina wajen Sabon Gari, an kawo masa injin gyaran bakin katako daga Amurka yana ta murna, yaronsa ya yanke filogin ya murɗa wayoyin ya cusa a soket, injin ya yi wata ƙara mai tsini kamar zai tashi sama, ko minti ɗaya ba a yi ba hayaƙi ya fito ta ramukan iska, warin ƙonannen waya ya cika rumfar, yaron ya tsaya riƙe da shi hannu na rawa. Har yau yana nan kan kanta ƙura ta rufe shi. Haka ramin tsakiyar zarto, na Turai galibi milimita 20 ko 30 ne, na Amurka kusan 16, ka sayi inji ka rasa zarton da zai shiga. Masu batir kuwa ka yi nesa da na hannu, batirin lithium da ya sha aiki shekara huɗu in ya haɗu da zafin Maradi na watan Afrilu da Mayu ba ya kai ko'ina, sabon batir wani lokaci ya kusa kuɗin injin, kuma masu kargon jirgi suna da dokoki masu tsauri a kansa.

Kafin ka sake taya komai, ka fara zagaya nan gida. Ka shiga babbar kasuwa ka tambayi masu kayan aiki, in kana da mai zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ka sa ya tambayo maka a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ya turo hoto da farashi ta WhatsApp. Makita da Bosch da DeWalt suna da suna kuma sun cancanta, sai dai jabunsu ya yi yawa, ka je da wanda ya san nauyin na gaske a hannu. Su Ingco da Total na Sin ba su kai waɗancan ƙarko ba amma ga mai farawa suna fitar da aiki, kuma babban abin shi ne in sharbon (ɗan gawayin da ke goga cikin motar injin) ya cinye ko boris ya fara kuka za ka samu nasu a kusa, mai gyara ya san cikinsu. Injin da ya kwanta wata biyu yana jiran ɗan ƙarfe daga Turai, mai gado ba zai jira ka ba, amarya na da ranar tarewa.

In ka samu farashin sabo, ka rubuta shi a takarda, ka ɗauki rabinsa ko kashi biyu cikin uku, ka cire kuɗin kargo da duwan da mota, abin da ya rage shi ne iyakarka. Sau da yawa za ka ga abin da ya rage ɗan mitsitsi ne har ba ya isa tayi, to wannan ma amsa ce. In ya isa, ka rubuta shi sau ɗaya, in da hali a mintin ƙarshe tunda galibin gwanjon eBay lokacinsa a yanke yake ba a ƙara shi, kuma tunda kuɗin yayanka ne ka gaya masa adadin tun da rana, shi zai zame maka mai jan riga. Ka sani kuma tayi a can alkawari ne, in ka ci ka ƙi biya akawun ɗinsa ne zai ɓaci.

Ban ce ka daina ba. Inda gwanjo ke da daɗi shi ne tsofaffin kayan hannu da ba ruwansu da wuta, irin abin fere katako na ƙarfe na Stanley ko Record lamba 4 da lamba 5, da cizal na garin Sheffield na Ingila, ƙarfensu yana riƙe kaifi yadda na yanzu masu arha ba sa yi, kuma ranar da aka ɗauke wuta kai kana aikinka. Ka nemi mai tsatsa-tsatsa wanda masu tara kayan tarihi ba sa so, don su ne ke haura da farashin masu sheƙi, ka ce a ɗauko maka hoton ƙasansa kusa da bakin ka tabbata ba tsagewa, tsatsa takardar yashi da ɗan mai suna fitar da ita amma tsagaggen ƙarfen zubi ya tafi kenan. Injinka kuwa ka buɗe ka duba sharbon, ka busa ƙurar, ka sa masa sabon zarto, ka raba jika 50 ɗin nan a kan ayyuka goma masu zuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maigidana kafinta ne, yana cikin wani gurup na WhatsApp da ake saka kayan aiki ana tayi, wanda ya fi sai ya tura kuɗi a aiko masa. Na lura akwai lambobi biyu da kullum su ke ƙara kuɗi amma ban taɓa jin sun ɗauki kaya ba. Na yi masa magana ya ce ba ruwan mata da harkar inji. Daga wata ƴar uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Ƴar uwa Allah ya saka, idonki ya ga abin da ya kamata a gani. Gwanjo kansa halal ne a wurin mafi yawan malamai, amma mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ingiza wani, wannan shi ake kira najashi, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ba zan yanke cewa lambobin nan na mai kayan ne ba tunda ban ga gurup ɗin ba, amma gwajin ba wuya. Ki lallaɓa shi cikin girmamawa, ba gaban yaran rumfa ba, ki ce ku koma baya tare ku duba gwanjo goma da suka wuce, sau nawa waɗannan lambobin suka ci, kuma in sun ci shin kayan bai sake dawowa gurup ɗin bayan sati ɗaya ko biyu ba. In ya dawo to kun gane. Kuma ko da masu gurup ɗin mutanen kirki ne, kar ya tura kuɗi kafin wani nasa ya je ya riƙe injin a hannu, a jona shi a wuta, a yanka katako da shi a gabansa. In mai kayan yana Maradi ya zo da shi rumfa, in yana Zinder ko Yamai ba za ku rasa ɗan uwa ɗaya da zai leƙa ba.