Kullen korona da magungunan ƙwaƙwalwa: tsoho ya kasa bari, saurayi ya rasa nasa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake. Lokacin korona barci ya ƙaurace wa Babanmu, aka ba shi Valium, har yau ba ya kwana sai da shi, ga shi ya kai shekara 72. Ƙanena mai shekara 26 da ke shan Haldol, maganin taɓin hankali, kuwa maganinsa ya yanke wata biyu, ciwon ya dawo. 'Yata mai shekara 15 ita ma ba ta da walwala. Yaya za mu yi, musamman in wata annoba ta sake rufe hanyoyi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Gidaje da yawa sun ga haka. Tun da gwamnatin Kamaru ta rufe iyakoki da makarantu a tsakiyar Maris 2020, mutane suka guji asibiti don tsoron kamuwa. A wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 130, kashi 93 cikin ɗari suka ce aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya samu tsaiko, daga baya kuma ta ce damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, mata da matasa a kan gaba. Masu tsohon ciwo suka rasa maganinsu, masu rashin barci suka kama ƙwaya.

Batun Baba ya fi gaggawa. Valium, wato diazepam, maganin mako biyu zuwa huɗu ne. In ya wuce haka jiki yakan saba da shi. Hantar tsoho ba ta saurin fitar da shi, sai ya yi ta taruwa: jiri in ya miƙe alwalar asuba, tangaɗi, mantuwar da iyali kan ɗauka tsufa ce, wani lokaci faɗuwa da karayar ƙugu. Duk da haka kada ku ɗauke masa shi dare ɗaya, don yana iya jawo rawar jiki, ruɗewa, har da farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage shi, kashi ɗaya cikin goma zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk mako biyu, aikin yakan ci watanni. A rage masa shayi da goro bayan la'asar, a taƙaita barcin rana. Kada kuma a musanya masa da Laroxyl, wani maganin damuwa mai sa barci, ba shawara, yana riƙe wa dattawa maza fitsari.

Ƙanenki kuwa, ciwonsa ba ya dawowa ranar da aka daina magani. Sai bayan makonni ko watanni, shi ya sa iyali kan ce ai ya warke. Alamar farko yawanci rashin barci ce dare biyu uku, sai zargin mutane da magana shi kaɗai. In magani ya yanke da daɗewa, a koma asibiti a sake ɗora shi daga ƙaramin awo, don komawa tsohon awo kai tsaye kan sanƙarar da wuya da harshe. Ku tambaya ko zai dace da allurar Haldol Decanoas, wadda ake yi sau ɗaya duk mako huɗu. Wani abu da ake mantawa: klorokin da azithromycin da aka yi ta bayarwa lokacin korona, haka ma kinin na zazzaɓin cizon sauro, in sun haɗu da Haldol suna iya rikita bugun zuciya. Duk mai duba shi a nuna masa kwalin maganinsa. Tramol ɗin da ake sayarwa a bakin tasha kuwa ya nisance shi.

Yarinya ba a fara mata da ƙwaya. A zauna da ita, a duba barcinta da cinta da karatunta. In abin ya wuce mako biyu a kai ta asibiti. Idan ta kama a ba da magani, fluoxetine ake zaɓa wa masu shekarunta, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya nuna aiki, a lokacin kuma a sa mata ido sosai, ko da maganar gajiya da rayuwa ta yi a koma wurin likita ranar.

Don gaba, ku roƙi ordonans (takardar da likita ke rubuta magani) na wata biyu ko uku na maganin ƙanenki, ku koma farmasi tun saura na kwana goma. Ku rubuta sunan kowane magani da awonsa a takarda, ku ɗauki hotonta a waya, ku karɓi lambar ma'aikacin jinya. Kada ku saya wurin masu talla a kasuwa. Zafin Garwa a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, saboda haka a ajiye maganin cikin kwalinsa a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufin kwano, a hannun babba guda ɗaya da zai riƙa ƙirga ƙwayoyin duk Juma'a.